Ɗan Fari a Gaban Majistare

Mahaifina ba ya kiran sunana. In yana nemana gyaran murya yake yi, mai kauri, daga can ƙasan maƙogwaro, kuma ko ina ƙarshen layi ina ɗaure huhun goro sai na ji. In abin ya matsa ya ce "kai". In da wani yake magana a kaina, to "wancan" nake, ko "mutumin naku". Ni ne ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Kakata ce ta raine ni a ƙauyenmu na ƙasar Kano, sai da na tasa aka turo ni Ibadan in kama masa sana'a. A Sabo, unguwarmu ta Hausawa, ba wanda ya ɗauki wannan abin magana, haka kowane dattijon kirki yake da ɗansa na fari. Ni ma na san haka. Sanin dai bai hana ni jin haushi ba, balle in na ga yana kiran ƙannena kowa da sunansa, har da na tsokana. Ramuwata guda ce: in ya yi gyaran muryar nan ba na amsawa, sai dai in zo in tsaya masa a kai shiru, kamar an kafa turke.

Yarbawa kuwa nasu tsarin daban ne. Su da sunan ɗan fari ake girmama uba. Matan da muke sayen ganyen naɗe goro a wurinsu sukan ƙwala masa kira a tsakiyar kasuwa, Baba wane, da sunana ɓaro-ɓaro, shi kuwa ya yi kamar da wani ake. Nakan juya baya in yi dariyata.

Abin ya faru ne tun Turawa ba su tafi ba, shekarun da ko'ina ka zauna zancen mulkin kai ake yi. Na riga na yi aure, matata na ɗauke da tsohon ciki. Ranar wata Laraba muka tafi sayen goro ni da Baba, wani ƙauye can gaba da Shagamu inda mota ba ta shiga, sai Juma'a muka dawo. Ranar Alhamis, a bakin wani rafi, na taka tsinin kututture ya shige mini diddige. Na zauna na ɗaure da ganye da tsumma, na sake ɗaukar kayana. Baba yana gaba, ko waiwayowa bai yi ba. Wannan ma na ƙara a cikin abin da nake riƙe da shi a raina.

A wannan Alhamis ɗin ne aka yi faɗa a tashar jirgin Ibadan tsakanin 'yan dako Hausawa da yaran mota, aka fasa wa wani karen mota kai da katako. Da ya farfaɗo ya ce dogon Bahaushe ne mai wushirya ya buge shi. 'Yan sanda suka shigo Sabo bayan mun dawo, suka kwashi dogaye, aka jera mu a caji ofis. Ni dogo ne, ina da wushirya, ga ni ina ɗingishi da tsumma a ƙafa. Yaron ya zo da kai naɗe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ni.

Baffana, ƙanin Baba, shi ya zo ya tsaya mini aka ba da belina. Na yi ta leƙen bayansa ko zan ga wani, ban ga kowa ba. Da muka iso gida Baba na zaune a zaure a kan buzunsa. Ya dubi Baffa ya ce, "Kun dawo?" Shi ke nan.

A Sabo, rigima kowace iri ce a gaban Sarkin Hausawa take ƙarewa. Wannan kam Sarki ya ce ta fi ƙarfinsa, tunda jini ya zuba kuma ta shiga hannun 'yan sanda, sai kotun majistare, mu nemi lauya. Baba ya ɓata rai. A wurinsa lauya mutum ne da ya koyi juya magana har ta kwana, kuma bai ga abin da zai kai mai gaskiya wurinsa ba. Baffa ne ya lallaɓa shi.

Ofishin yana saman wani kantin yadi a Dugbe, ana hawa ta matakalar katako mai kuka. Ɗaki biyu ne. A na farko akawu ke zaune yana buga tafireta, ga benci na masu jira, ga fayil-fayil ɗaure da jan zare har kusa da rufi. A na ciki lauya yake, Bayarabe gajere mai ƙiba, littattafai masu kauri sun cika bango a bayansa. A kan wani ɗan katako an ɗora farar hular gashin nan ta lauyoyi. Baffa ya raɗa mini cewa da ya ɗauka tsohuwar kyanwa ce ke barci. Akawun ya ji, ya ce wannan ta babbar kotu ce, gaban majistare kwat kawai ake sawa. Shi ma Bayarabe ne, amma haihuwar Zariya, Hausa a bakinsa kamar tamu. Shi ya zama tafintanmu, shi kuma ya fara koya mini yaren gidan. Ya ce maganata sunanta kes, abin da 'yan sanda suka rubuta a kaina kuma caji. Ya ce ni wanda ake tuhuma ne, kar in yarda kowa ya kira ni mai laifi sai majistare ya yanke. In an karanta mini caji, in ce ban aikata ba, in ja bakina in yi shiru.

Da lauya ya gama jin labarina sai fuskarsa ta washe. Ya ce abin da nake da shi suna kiransa alibai, wato a lokacin da aka yi laifin ina wani wuri dabam, kuma ba kariyar da ta fi wannan in an sami shaida. Aka fara lissafin shaidu. Manoman ƙauyen can ba mai yarda ya taka kotu, ko sun zo ma ba za su iya rantsuwa a kan ko wace rana ce ba. Direban da ya kwaso mu ya yi Arewa. Saura mutum ɗaya. Lauya ya miƙe, ya rusuna, ya gai da Baba irin gaisuwarsu ta girmamawa, Baba wane, da sunana. Baba ya kafa wa bango ido.

Aka ce za a gwada shi, a yi masa tambaya kamar yadda za a yi a kotu.

"Baba," in ji akawu, "oga ya ce wane ne wannan a wurinka?"

"Yaron gida ne."

"Yaron gida kamar yaya? Bara ne ko ɗa?"

"To, a gidan dai yake."

"Mene ne sunansa?"

"Ai ga shi nan zaune. Ku tambaye shi mana."

"Halinsa fa, Baba? Mai faɗa ne?"

"Yaran zamani ai sai addu'a."

Lauya ya jefar da alƙalami a kan tebur. "Haba, Baba! Na your pikin abi no be your pikin?" Wato ɗanka ne ko ba ɗanka ba ne?

Baba ya gyara zaman rawaninsa. Akawu ya juya harshe zuwa Yarbanci ya yi wa ubangidansa bayani, ina jinsu sarai. Lauya ya saurara baki buɗe, ya yi salati irin nasu, sannan ya ce a gaya wa Baba a hankali cewa kotu ba ta san kunya ba. Majistare bai san mu ba, bai san Sabo ba, fuskar shaida kawai yake karantawa, kuma shaidan da ke kewaye-kewaye maƙaryaci ake ɗaukarsa. Ya ce shi zai iya lallaɓawa, ya ce wa Baba ya nuna da hannu kawai, ba sai ya kama suna ba. Amma in ya gama, sufeton 'yan sanda mai gabatar da ƙara zai tashi ya yi masa kuros, wato titsiye, tambaya bisa tambaya don ya rusa duk abin da shaida ya faɗa. A nan lauya ba shi da ikon cewa komai sai kallo. In shaidar Baba ta faɗi, kurkuku zan tafi, kuma ba na kwana biyu ba.

Baba ya ce, "Allah na nan." Ya tashi ya nemi takalmansa.

A hanya na kasa daurewa. Muna hawan Mokola, Baba na gaba hannu a baya, na ɗaga murya yadda zai ji na ce, "Baffa, in an ɗaure ni ku ce masa kar ya damu. Ai ba wani aka ɗaure ba, yaron gida ne."

"Kul!" in ji Baffa. "Ka san me kake faɗa kuwa?"

Na sani. Tsoro nake ji, kuma zuciyata tafasa take. Ina ganin mutumin nan zai bari a tafi da ni, matata ta haihu ba na nan, don kawai kar 'yan zaman masallaci su ce ya yi rashin ta ido. Baba bai rage tafiya ba, bai ƙara ba.

Zaman farko karanta caji kawai aka yi, na ce ban aikata ba, aka ɗage. A na biyu karen motar ya ba da shaida, ya sake nuna ni, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ban ce ƙarya yake da gangan ba, ya dai riga ya sa wa ransa ni ne. Ɗan sandan da ya kama ni ya ce ya same ni da sabon rauni a ƙafa, sufeto ya ce a wurin faɗan na samo shi. Majistare, wani dattijo siriri mai tabarau, ya rubuta. Duk abin da aka faɗa rubutawa yake da hannunsa, a hankali, kowa na jira. Ƙarar alƙalamin nan har yau ba na son irinta.

Ranar kariya Sabo ta cika benci. Ni na fara ba da tawa shaidar, sufeto ya wasa ni son ransa, na koma akwatin waɗanda ake tuhuma gumi ya jiƙa mini riga. Sai aka kira Baba. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ya zo zai durƙusa, masinjan kotu ya ɗaga shi ya nuna masa akwatin shaida. Da aka kawo Alƙur'ani naɗe cikin ƙyalle, Baba ya ja da baya, ya ce a bari ya sake alwala. Aka jira shi ya je famfo ya dawo. Ya karɓa da hannu biyu ya rantse zai faɗi gaskiya, muryarsa can ƙasa. A iya sanina bai taɓa rantsuwa da Alƙur'ani ba, ko a kan cinikin da aka cuce shi.

Lauya ya bi da shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina ka je ranar Laraba? Yaushe ka dawo? Kai kaɗai ne? Wanda kuka tafi tare yana cikin ɗakin nan? Nuna shi. Baba ya ɗan karkata haɓa wajen da nake, idonsa na kan katakon gabansa. Lauya ya yi maza ya roƙi kotu ta rubuta cewa shaida ya nuna wanda ake tuhuma. Majistare ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya rubuta. Lauya ya zauna yana share wuya.

Sufeto ya miƙe. Dogo ne baƙi, ba ya ɗaga murya. Ya lura da haɓar nan, na ga ya lura. Tafintan kotu na juyawa.

"Malam, 'ya'yanka maza nawa?"

Wannan tambayar ba a gwada ta a ofis ba, kuma na san amsar da Baba ke bayarwa tun ina yaro. In za a ƙirga 'ya'ya, daga na biyu ake farawa.

"Uku," in ji Baba.

Mu huɗu ne. Na ga akawun lauya ya dafe kai.

"Faɗi sunayensu."

Ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, ƙannena duka.

"Madalla. Ke nan wanda ke tsaye a can ba ya cikin 'ya'yanka."

Sufeto ya ci gaba.

"An gaya wa kotu cewa da mahaifinsa ya yi tafiya. Kai kuwa ka ƙirga 'ya'yanka babu shi. Tun da ka shigo ko kallonsa ba ka yi ba. Ko sunansa ba ka sani ba, ko? Ɗauko ka aka yi a unguwa ka zo ka fitar da ɗan garinku."

Lauya ya zabura zai yi bayani, majistare ya ɗaga masa hannu ya ce shaida ne zai amsa, ba lauya ba. Ya juya wajen Baba ya ce ta bakin tafinta, in bai amsa ba kotu za ta yi watsi da shaidarsa gaba ɗaya. Ya kuma tuna masa cewa yana kan rantsuwa.

Ina kallon hannun Baba a kan katako, hannun da ya riƙe Alƙur'ani ɗazu. Ya dubi inda aka ajiye littafin. Ya waiga benci, inda sa'o'insa ke zaune, mutanen da yake sahu ɗaya da su shekara da shekaru. Duk suka sunkuyar da kai. Na riƙe ƙarfen akwati, na ce a raina shi ke nan, na tafi.

Sai ya yi gyaran murya. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, ido cikin ido.

"Huɗu ne. Na bar ɗaya. Wannan ɗana ne, shi ne na fari."

Kuma ya faɗi sunan. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi.

"Na'am!"

Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba. Masinja ya daka tsawa, "Oda! Oda!" Wani a baya ya yi dariya, aka harare shi. Baffa ya ja hannun riga ya rufe fuska.

Sufeto bai saki ba. Ya ce in da gaske tare suke, to ya gaya wa kotu inda raunin ƙafar ya samo asali. Ina jin ya zaci an gama, don lauya bai taɓo wannan da Baba ba, ni ma na ce wa lauyan Baba bai gani ba.

"Ta hagu ce," in ji Baba. "A diddige. Ranar Alhamis bayan azahar, a bakin rafin da ke ƙasan gonar goro. An sare wata bishiya an bar tsini, shi ya taka. Ya ɗaure da ganye, ya yagi bakin zanen da yake yin gammo da shi ya naɗe. Kayan da ke kansa sun yi masa nauyi, amma na san in na ce ya rage ba zai rage ba, taurin kai gare shi. Sai na riƙa tsayawa ina cewa zan kama ruwa, don ya samu ya huta. Haka muka yi har muka fito titi."

Na tuna. Ranar nan ya yi ta ratsewa cikin daji da buta, ni kuwa ina zaune a gefen hanya ina tsaki a raina, ina cewa tsufa ya kama tsohon nan. Na kasa ɗaga kai.

Majistare ya sa aka duba ƙafar, tabon na nan a diddigen hagu. Sufeto ya ƙara tambaya biyu ko uku ba ƙarfi, ya zauna. Aka tafi hutu, aka dawo, majistare ya yi ta karatu da Turanci. Abin da na kama a bakin tafinta shi ne kotu ta gaskata dattijon. Akawu ya matso ya ce mini an sallame ni kuma an wanke ni, ya ce in riƙe bambancin: wanda aka sallama kawai ana iya sake kamo shi, wanda aka wanke kuwa an gama da maganar har abada.

A waje lauya ya zo da fara'a zai kama hannun Baba, ya buɗe baki zai ce Baba wane, sai ya haɗiye, ya ce "Baba" kawai. Mutanen Sabo suka yi mini barka. Shi Baba ba wanda ya ce masa komai, kowa ya kau da kai kamar an ga dattijo ba riga. Ya sa takalmansa ya kama hanya. Kwanaki bayan nan bai zauna a dakalin masallaci ba, in an sallame salla sai ya wuce gida. Na ga abin da ya biya, kuma ban san yadda ake gode wa uba a kan irin wannan ba. A wurinmu ba a yi.

Ranar dai da muka baro kotu, yana gaba ina baya kamar kullum. Mun kusa Mokola rana ta yi sanyi, ya naɗe lemarsa. Bai waiwayo ba, ya yi gyaran murya.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan, ya ga jikoki. Na yi ta kasa kunne ko zai sake kiran sunana, ko da cikin ciwon ajali, bai sake ba. Gyaran muryar nan dai ce har ya koma ga Allah. Amma tun daga hawan Mokola ɗin nan, da na matsa na karɓi lemar, duk sanda ya yi ta sai na ce na'am.